Yaronka Ya Haɗa Goge Da Gwangwani? Dakata Kafin Ka Fasa

Yau maganarmu a kan yaron da Allah Ya ba kunnen kiɗa ce.

A Iware da ke kusa da Jalingo, kamar sauran garuruwanmu, ba baƙon abu ba ne ka ga yaro ya samu gwangwanin madara da 'yar sanda da waya ya haɗa goge. Sau da yawa uba fasawa yake yi, ya bi da bulala. Tsoronsa yana da dalili, domin an daɗe ana danganta goge da bori da yawon dare. Sai dai bulala ba ta cire sha'awa, ɓoyewa take koya wa yaro. Wanda aka kora daga gida zai je ya koya inda idonka bai kai ba, a hannun wanda ba kai ka zaɓa ba.

Goge tsirkiya ɗaya gare shi, ta izgar doki, a kan ƙwaryar da aka rufe da fatar guza. Babu alamar inda za a ɗora yatsa, kunne ne ke yi wa hannu jagora. Haka ma gogen Turawa mai tsirkiya huɗu. Saboda haka yaron da ya iya fitar da amo daidai ya nuna yana da saurare da haƙuri. Da irin wannan baiwa su Garba Supa da Ibrahim Na Habu suka yi suna a kiɗan kukuma, ƙanwar goge.

A Japan, wani malami mai suna Shinichi Suzuki, wanda ya rasu a 1998, ya koyar da gogen Turawa ga yara tun suna shekara uku. Ya lura cewa yaro yana iya harshen uwa ta hanyar ji da maimaitawa, sai ya bi wannan hanya, ya kuma sa iyaye su zauna a wurin darasi.

Kai ma zauna. Nemi malamin da ka san halinsa, a yi darasin da rana a zaurenka, bayan boko da Islamiyya. Minti 15 kullum ya fi awa uku ranar Asabar. A ba shi goge daidai tsawon hannunsa. In ya yi kukan ciwon wuya ko wuyan hannu, ya huta. A nisantar da shi daga bakin lasifika a wurin biki, domin jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa.

In kuwa zuciyarka ba ta kwanta ba ta fuskar addini, tambayi malaminka. Idan ka yanke hanawa, zaunar da yaron ka faɗa masa dalili, ka juya kunnen nan nasa zuwa ƙira'a ko rubutacciyar waƙa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.