Ra'ayinmu: A Ware Mana Kabad Ɗaya Domin Duwatsu

'Yan uwa ɗalibai da malamanmu masu girma, a wannan makon muna da buƙatar da ba ta cin kuɗi: a ware kabad ɗaya a ɗakin gwaje-gwaje domin adana burbushin halittun da suka zama dutse. Mun san wani zai ce, ana fama da jarrabawa da rashin tsaro, wa ke ta duwatsu? Ku ɗan ara mana kunnuwanku.

Tun kafin zamanin dinosor, ƙasan teku cike yake da wasu ƙananan halittu masu ɓawo biyu da masana ke kira birakiyofod. In ka gan su sai ka rantse ƙumbar bakin gulbi ce, amma ba danginta ba ne. Ɓawon ƙumba na dama da na hagu ne, girmansu ɗaya. Nasu kuwa na sama da na ƙasa ne, ɗaya ya fi ɗaya girma. Sun yi sama da shekara miliyan 200 suna cin karensu babu babbaka. Sai kimanin shekara miliyan 252 da suka wuce duwatsu suka yi ta aman wuta a yankin Saiberiya na ƙasar Rasha ta yau. Duniya ta ɗau zafi, iskar shaƙa ta ragu a cikin ruwa, mafi yawan nau'o'in halittun teku suka ƙare. Birakiyofod ba su sake komawa yadda suke ba. An gano dubban nau'o'insu a cikin duwatsu, amma masu rai a yau 'yan ɗaruruwa ne kacal. Babu wanda ya ga wannan da idonsa. Daga ɓawon da mutane suka tsinta, suka ƙirga, suka rubuta inda suka samo shi aka haɗa labarin.

To, me ya haɗa mu 'yan Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi da teku? Gaskiya ne manyan duwatsun da ke kewayen Ƙaura irin waɗanda suka daskare daga narkakken dutse ne, ba a samun burbushin halitta a cikinsu. Amma da zarar an wuce Shinkafi aka nufi Isa, Goronyo, Wurno da Dange, ƙasa ta sauya. Kimanin shekara miliyan 70 zuwa 55 da suka wuce wani reshen teku ya ratso ta Sahara ya mamaye ƙasar Sakkwato. Ya zo bayan zamanin birakiyofod da daɗewa, shi ya sa abin da ya bari ya fi yawa a ƙumba, katantanwa, haƙoran kifi da ƙasusuwan kada da kunkuru. Har ma akwai wani ƙaton ƙadangaren teku da masana daga Italiya suka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972, wato ƙadangaren Goronyo. Dutsen da ake siminti da shi a Kalambaina ma wannan tekun ne ya shimfiɗa shi. Abin takaici, ɗalibin Turai yana iya sanin sunan Goronyo ta wannan hanya, mu maƙwabta ba mu taɓa ji ba.

Ba sai mai digiri ke tsintuwa ba. Mary Anning, 'yar wani kafinta a garin Lyme Regis na Ingila, tana da kimanin shekara 12 ta tono ƙasusuwan wata dabbar teku da ɗan'uwanta ya fara ganin kanta a 1811. Har yau masana na ambaton sunanta.

A Zamfara mun saba tona ƙasa domin zinariya kawai, kuma mun ga abin da ya biyo baya. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Lokaci ya yi da za mu koyi duban dutse domin ilimi.

Sai dai da sharaɗi huɗu. Na farko, babu mai shiga daji ko ramin haƙar ma'adinai. Rai ya fi dutse. A duba tsakuwar gini, da ƙasar da aka fitar daga sabuwar rijiya, ko a roƙi dangin da ke wajen Sakkwato su kawo mana tsaraba. Na biyu, kowane dutse a haɗa shi da takarda mai ɗauke da sunan wurin, kwanan wata da wanda ya tsinta, domin burbushin da ba a san asalinsa ba tsakuwa ce kawai. Na uku, ba na sayarwa ba ne, na makaranta ne. Na huɗu, abin da ya gagare mu ganewa malamin jogarafi ya ɗauki hotonsa ya aika wa masana duwatsu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Muna roƙon shugaban makaranta ya ba da kabad. Takardun shaida da littafin rajista kuwa, mu 'yan ƙungiyar jarida mun ɗauki nauyinsu.