Faifai Yana Nan, Ina Mai Karanta Shi?

Muna roƙon akawunan Gwarzo da Kabo da malaman makarantunsu su buɗe kabad su duba ko akwai sauran ƙananan faya-fayan nan na kwamfuta masu inci uku da rabi, waɗanda aka riƙa ajiye lissafi da sakamakon jarrabawa a cikinsu a shekarun 1990. In akwai, to, lokaci ya ƙure. Kamfanin Apple ya cire ramin faifai daga injinsa tun 1998, Sony kuwa ya daina yin faifan a 2011. Ƙurar hunturu da laimar damina kuma ba su jiran kowa.

Wani zai ce ai da sauƙi, a tafi Kano a sayo na'urar karanta faifai mai igiyar USB, a jona. Haka ne, amma a yi hattara. Faifan garmaho kowace garmaho tana buga shi, na kwamfuta ba haka yake ba. Na'urar USB ɗin nan tsarin IBM kaɗai ta sani, watau faifai mai ɗaukar megabait 1.44, wata kuma har da mai kilobait 720. Faifan da injin Amiga ya rubuta, mai kilobait 880, ba ta karanta shi, ko da yake girmansu ɗaya. Haka na tsohon Macintosh mai kilobait 800, domin na'urarsa tana sauya saurin juya faifai gwargwadon wurin da take rubutu, wannan kuwa gudu ɗaya take yi. Balle Commodore 64 na 1982, wanda faifansa inci biyar da kwata ne, na'urarsa mai lamba 1541 kuma da igiyarta da ƙwaƙwalwarta daban. BBC Micro, wanda aka cika makarantun Ingila da shi, shi ma da nasa tsari.

Abin da muka fi jin tsoro shi ne wannan. Idan kwamfuta ta kasa gane faifai, takan tambaya ko a shirya shi sabo. Akawun da bai sani ba sai ya amsa, ya shafe aikin shekaru da hannunsa, alhali kuwa faifan lafiyarsa lau. Saboda haka kafin a sa faifai a tura ɗan makullin da ke kusurwarsa har ramin ya buɗe, shi ke hana rubutu a kansa. Tsohon inji kuma kada a sayar wa 'yan gwangwan sai an kwashe abin da ya rubuta.

A ganinmu shugabannin ƙananan hukumomin biyu ya kamata su sa akawu ɗaya ya tattara faya-fayan, ya rubuta irin injin kowanne, a kwafe su, masu muhimmanci kuma a buga a takarda. Takardun zamanin En'e suna nan a Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna, wanda ya je zai karanta su da idonsa.