Gyara Kayanka da Hannunka, Amma Kada Garin Gyaran Gira a Rasa Ido

Wataƙila kana zaune ne a kan benci da katinka a hannu kana jiran a kira sunanka, ko kuwa kina gefen gadon ɗanki kina jinya. Allah Ya ba da lafiya, Ya sa kaffara ne. Tun da zaman jira ya haɗa mu, bari mu ɗan tattauna wani batu da ba a cika jin sa a bakin ma'aikatan lafiya ba, wato share-share da 'yan gyare-gyaren da mutum kan yi da hannunsa a gida ko a jikin motarsa don ya rage kashe kuɗi.

Ra'ayina a kan wannan batu a fili yake. Ina goyon bayan magidanci ya riƙa gyara kayansa da kansa, uwargida kuma ta riƙa tsaftace gidanta da abin da ke hannunta, domin yawancin cututtukan da ke cika mana ɗakunan kwanciya tsintsiya da sabulu da ɗan siminti za su iya tare su tun daga ƙofar gida. Sai dai akwai wasu ayyuka 'yan kaɗan da tsimi a cikinsu asara ne, don abin da aka tsimanta bai kai kuɗin kwana ɗaya a gadon asibiti ba. Abin da nake so ka tashi da shi daga wannan shafi shi ne sanin inda iyakar take.

Aikin da ba ya cin kuɗi

Mu fara da sauro. A ruwan da ya kwanta yake yin ƙwai, kuma a lokacin zafi ƙwan kan zama cikakken sauro cikin kwana 7 zuwa 10. Ke nan wanda ya ware rana ɗaya a kowane mako ya kifar da gwangwanaye da fasassun tukwane, ya zubar da ruwan da ya taru a cikin tsohuwar taya, ya cike ɗan kududdufin ƙofar gida da ƙasa, ya yashe kwata ruwa ya wuce, to ya katse wa sauro haihuwa kafin 'ya'yansa su tashi. Sauron da ke kawo zazzaɓin maleriya ya fi son kududdufai da ramuka, shi kuwa mai yaɗa cutar shawara ya fi son ruwan da ke cikin taya da gwangwani da tulun da ba a rufe ba. Gidan sauron da ya yage kuma allura da zare ne maganinsa. A wanke shi a hankali da sabulun sanda, a shanya shi a inuwa, domin rana tana rage ƙarfin maganin da ke jikinsa.

Sai ɓera. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Jihar Borno a 1969, yana yaɗuwa ne ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera idan suka taɓa abinci ko kwanukan cin abinci, kuma ya fi tsananta da rani. Ɗan kwaɓin siminti da za ka toshe ramin bayan ƙofa da shi, da murfin da za ki ɗora a kan robar hatsi, da kai shara nesa da ɗaki, sun fi duk wani maganin ɓera da za a barbaɗa a inda yara ke rarrafe.

Haka randar ruwan sha. A juye ta a wanke cikinta da soso da sabulu a kai a kai, a rufe ta, a kuma ware mata moɗa mai dogon mariƙi wadda ba a ajiye ta a ƙasa. Sau da yawa ruwan da aka ɗebo mai kyau daga famfo a cikin gida yake lalacewa, ta hannun da ake tsomawa a randa. Gudawa da taifot da kwalara duk ta baki suke shiga. Babu ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka da ke buƙatar a kira ma'aikaci.

Haɗe-haɗen ban-ɗaki

Inda matsala take farawa shi ne inda aka ce bari a ƙara wa abu ƙarfi. Uwargida, ruwan bilic ɗin nan da ake sayarwa a kwalba da 'yar leda yana da amfani ƙwarai wajen kashe ƙwayoyin cuta, amma da ruwa kaɗai ake sirka shi. Idan aka haɗa shi da ruwan wanke masai mai asid, ko da ruwan khal, ko da ruwan lemun tsami, yana fitar da iskar kulorin. Wannan iska ita ce aka yi amfani da ita a matsayin makami a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1915. Tana ƙona ido da maƙogwaro da huhu, kuma da yake ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, ƙasa take kwantawa, daidai tsayin yaron da ke biye da ke. Ga shi kuma ban-ɗakunanmu ƙanana ne, wasu ma ba taga. Duk wanda ya ji wari mai shaƙe numfashi yana cikin wanki, ya fita waje nan take ya bar ƙofa a buɗe. Idan tari ko sarƙewar numfashi ya ƙi lafawa, a zo asibiti.

Ga yadda ake yi daidai. Duba jikin kwalbar; idan an rubuta 3.5%, to a zuba ma'auni 1 na bilic a ma'auni 6 na ruwa. Wannan haɗin ya isa a goge inda jini ko amai ko bayan gida na majinyaci ya zuba, a bar shi kamar minti 10 kafin a ɗauraye. A haɗa daidai na yini guda, domin idan ya kwana ƙarfinsa yana raguwa. A sa safar hannu ta roba, in babu a ɗaura leda. Don wanke-wanken yau da kullum kuwa, sabulu da ruwa sun wadatar, toka kuma tana fitar da baƙin tukunya ba tare da an sayi komai ba.

Akwai wata ɗabi'a da nake roƙon a bari don Allah, wato zuba kananzir ko fetur ko ruwan sodar yin sabulu ko fiya-fiya a cikin kwalbar lemo ko gorar ruwa. Yaro ɗan shekara 2 bai san karatu ba, kwalbar kawai ya sani. Ruwan soda yana ƙona hanyar abinci, idan ta warke kuma sai ta tsuke, yaro ya kasa haɗiye ko da kunu, a yi ta zaryar asibiti wata da watanni. Idan tsautsayi ya faɗa yaro ya sha kananzir, kada a sa masa yatsa a baki don ya yi amai, kada kuma a ɗura masa manja ko madara. Haɗarin kananzir yana cikin shigarsa huhu, amai da ɗura kuwa hanyar huhun suke buɗe masa. A ɗauko shi a kawo shi tare da kwalbar abin da ya sha.

Mota da janareta

Maigida, akwai abubuwa da yawa da za ka iya duba wa motarka da kanka da safe kafin ka tayar da ita: man inji, man birki, fitilu, da iskar taya tun tana da sanyi. A gefen kowace taya akwai wasu lambobi 4 da ke nuna makon da shekarar da aka ƙera ta. Idan ka ga 2319, ma'anarsa mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko da zanenta bai cinye ba, saboda haka kafin ka biya kuɗin taya 'yar gwanjo, karanta wannan lamba, ka kuma duba ko gefenta ya tsattsage ko ya yi ƙullutu. Wannan dubawa ta minti 5 ce, tana kuma iya raba iyalinka da kwana a ɗakin masu karaya.

Amma ka kiyaye abu 4. Na farko, kada ka buɗe murfin lagireto inji yana da zafi. Ruwan da ke ciki a matse yake, zafinsa kan wuce na tafasasshen ruwa, yana samun ƙofa sai ya yi tsartuwa zuwa fuska da ƙirji. Jira inji ya huce. Na biyu, kada ka shiga ƙarƙashin mota alhali jak kaɗai ke riƙe da ita. A tokare ta da abu mai ƙarfi a kan ƙasa mai tauri, a kuma sa wa tayoyi waigi. Na uku, kada ka zuƙi fetur da baki ta tiyo, domin ɗan kaɗan da ya sarƙe ka ya isa ya kumbura huhu. Na huɗu shi ne batir. Ruwan cikinsa asid ne mai cin fata da ido, kuma yana fitar da iska mai kamawa da wuta, musamman lokacin caji, don haka babu sigari ko ashana kusa da shi. Wajen kwancewa, a fara cire wayar da ke da alamar ragewa, wajen mayarwa kuma ita ce ta ƙarshe. Idan ruwan batir ya fantsama a ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsafta na aƙalla minti 15 kafin ma a kama hanyar asibiti.

Mataccen batir kuma a mayar wa masu sayarwa, kada a fasa shi a tsakar gida don a ciri dalma. A wata unguwa ta Thiaroye da ke gefen birnin Dakar na ƙasar Senegal, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda gubar dalma daga sana'ar fasa tsofaffin batura. Mu ma a nan gida ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda ƙurar dalma daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400. Dalma ba ta da wari, yaro yana kwasar ta ne daga ƙasa zuwa baki, wanda ya rayu ma tana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa har iya rayuwarsa.

Janareta kuwa, wanke masa fulogi da canza masa mai abu ne da za ka iya koya. Abin da ba za a yi sassauci a kansa ba shi ne inda ake ajiye shi. Hayaƙinsa yana ɗauke da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Tana farawa da ciwon kai da jiri da kasala, mai barci kuwa ba ya farkawa balle ya gudu. Tsoron ɓarawo ne ke sa a shigar da janareta zaure ko kicin ko ƙarƙashin bene, na sani. To a yi masa keji da sarƙa a waje, kamar mita 6 daga ƙofa da taga. Kada a zuba masa mai yana aiki ko yana da zafi. Gawayin jin ɗumi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, da motar da aka bari tana aiki a rufaffen gareji, duk wannan iskar suke fitarwa.

Na san abin da wani zai ce

Wani zai ce, ai ku ma'aikatan asibiti magana ba ta yi muku wuya, mu da muke fama da kuɗin cefane ina muka ga na kiran mai gyara? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, rayuwa ta yi tsada. Amma ka sake duba abubuwan da na lissafa. Jiran inji ya huce bai ci ko kwabo ba. Haka raba bilic da ruwan wanke masai, da rubuta suna a jikin galan a ɗora shi inda hannun yaro ba ya kaiwa. Wuraren da na ce lallai a nemi mai sana'ar kaɗan ne: gyaran birki, jan wayar lantarki a gida, da tukunyar gas mai yoyo. A nan kam kuɗin bakanike ko mai gyaran wuta bai kai kuɗin jinyar ƙuna ba, wadda kan ci makonni ana wankin ciwo, mai nema wa gida abinci yana kwance. Ko ƙwan fitila za ka canza ko soket, kashe wutar daga babban makunni tukuna, hannunka kuma a bushe. Cusa tsirarar waya a soket da tsinken ashana ba dabara ba ce.

Wani kuma zai ce ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, komai da ƙaddarar Allah, amma an umarce mu da riƙo da sababi, kuma ba mai barin ƙofar shagonsa a buɗe da dare ya ce ya dogara.

Idan kuma duk da kiyayewa an ji ciwo, ga abin da ya dace. Ƙuna, a sa ta ƙarƙashin ruwa mai ɗan sanyi na minti 20, a rufe da tsumma mai tsafta, a zo. Ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai, ban da baƙin mai. Yanka ko sukar ƙusa, a wanke da sabulu da ruwa, kada a zuba man birki ko ruwan batir ko ƙasa, sannan a zo a tambayi batun allurar rigakafin tatanus, cutar nan mai sarƙe haƙora, wadda ƙwayoyinta ke zaune a cikin ƙasa da kashin dabbobi.

Mai karatu, Hausawa sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Roƙona gare ka shi ne, yau idan ka koma gida ka zagaya shi sau ɗaya da idon basira. Duba ƙarƙashin gado da bayan ƙofa ko akwai kwalbar lemo mai kananzir, ka juye shi a galan mai murfi ka ɗaga sama. Duba inda janareta yake kwana. Kifar da tayar nan da ke bayan ɗaki. Idan ka gama da wannan mujalla kuma, miƙa wa maƙwabcinka, wanda bai iya karatu ba a karanta masa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kiyaye mu da iyalanmu daga tsautsayi da asara, amin.