Tsakanin BEPC da sagwan muke zubar da ɗiyan talakawa

Ƴan uwa, kusan kowane lise a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai yana da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai a WhatsApp. Muna taya juna barka da Juma'a, muna haɗa gudummawar biki da suna, a buga riguna, a ci a sha, a ɗauki hoto. Ban ce a daina ba. Amma yaro nawa muka riƙe daga sagwan har ya ci bak?

Lokacin da muke kolej a ƙauyenmu, akwai wani abokina da ban taɓa wuce shi a lissafi ba, ko sau ɗaya. Tare muka ci BEPC, aka turo mu lise cikin gari. Ni ina da kawu a birni, ɗaki da tuwon dare sun samu. Shi kuma aka damƙa shi ga wani mai masauki da buhun hatsi guda. Da hatsin ya ƙare, sai fuska ta canza: shi ne ɗibar ruwa, shi ne aike, shi ne tsaron shago. Yana zuwa aji da yunwa, yana gyangyaɗi. Kafin a gama shekarar sagwan ya tattara ya bi motar Agadas, lokacin da zinariyar Jado ta fito a 2014. Wallahi ba kai ya rasa ba. Wurin kwana da na karin kumallo ya rasa.

Kolejoji sun yaɗu cikin karkara, amma lise har yanzu galibi sai manyan garuruwa. Ɗan ƙauye da ya ci BEPC yakan yi hutun nan a gona yana noma, ɗan birni mai hali yana darasin hutu. In aka koma, sai a zaunar da su aji ɗaya, a ce wai an fara tsere daidai. Ɗan ƙauyen ma bai san bambancin sagwan A da sagwan C ba, balle inda kowace take kai mutum. Ɗiya mace kuwa, da an ce babu amintaccen gidan da za ta sauka, magana ta ƙare, sai zancen aure.

Na san za a ce aikin gwamnati ne. Haka ne, kuma ba za mu daina neman a gina makarantun kwana ba. Sai dai yaron da ya ci jarrabawa bana ba zai jira ba.

Ƙungiya mai mutum 100, in kowa ya ba da jika ɗaya a wata, jika 100 ke nan. Mu je wurin daraktocin kolejojin ƙauye su nuna mana masu ƙoƙarin da iyayensu ba su da ƙarfi, ba ɗan wane ba. A yi musu darasin lissafi, kimiyya da Faransanci kafin a koma. A sama musu masauki, a haɗa kowane yaro da yaya ko ya guda wanda zai riƙa duba takardar sakamakonsa yana kiran iyayensa, shekara uku cur. Kuma don Allah kada a baza hotunansu a Facebook da buhun shinkafa a gaba.

Ni dai na ɗauki darasin lissafi kowace Asabar. Wanda yake da ɗaki da ba a kwana ciki, ya yi magana kafin Satumba.