Warin da kake ji a juji, dukiyarka ce ke tafiya

 

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, duk wanda ya tashi a garinmu Liba ko ƙauyukan da ke tsakanin Maiyama, Jega da Aliero ya san yadda bazara take. Jakai da mangala, da amalanken shanu, suna ta kai taki gona. A zube shi tsibi-tsibi a bar shi, rana ta doke shi, iska ta busa shi, har wata biyu ko uku kafin ruwan shuka ya sauka. Wata rana da yamma muna wucewa da ɗalibaina kusa da wani juji, sai ɗaya daga cikinsu ya toshe hanci ya ce, "Malam, wannan wari har ido yake shiga." Na ce masa, "Abin da ya shige maka ido, shi ne abin da babanka zai je kasuwa ya saya da tsada in damina ta kama."

Ga bayanin abin. Babban abincin da shuka ke nema a cikin taki shi ne sinadarin da masana ke kira naitirojin, wanda ke sa ganye ya yi kore shar. Kaso mai yawa nasa a cikin fitsarin dabba yake. Da zarar fitsari ya gauraya da kashi, sai ya fara rikiɗa ya zama wata iska mai yaji da ake kira amoniya, ta tashi sama. Abubuwa uku ke gaggauta tashinta: zafi, iska, da abu mai kaifi irin na toka ko kanwa. To, dubi al'adarmu: muna zuba tokar murhu a kan juji, mu baza taki a fili a tsakiyar zafin Afrilu. Mun haɗa dukkan ukun da hannunmu. Abin da ke saura yana da amfani, yana gyara ƙasa, yana riƙe laima, amma wani babban ɓangare na ƙarfinsa ya riga ya bi iska.

Haka lamarin yake da takin zamani. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin. Idan aka watsa shi a kan ƙasa cikin zafi ba a rufe ba, ko aka watsa shi cikin ruwan da ke kwance a fadamar shinkafa, asarar tana iya kaiwa kashi ɗaya cikin uku. Ka auna wannan da yadda farashin taki ya yi tashin gwauron zabi daga shekarar 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Yukren ya girgiza kasuwar duniya. Manomin albasa ya ci bashi ya sayi buhu uku, ɗaya ya tafi a iska, bashin kuwa na ukun zai biya.

Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai. A Turai, fiye da kashi 90 cikin 100 na amoniyar da ke shiga iska daga harkar noma da kiwo take fitowa. Su shanunsu a ɗaki suke kwana, kashi da fitsari su taru a rami su zama ruwa-ruwa kamar kunu, sannan a ɗebo a tanki a fesa a gonakin ciyawa. Da suka gano cewa feshin sama yana ɓarnatar da takin, yana gurɓata ruwa da dazuzzuka, yana kuma haifar da ƙura mai laushi da ke cutar da huhu, sai ƙasar Holan ta fara tilasta wa manoma, tun farkon shekarun 1990, su riƙa tsaga ƙasa suna cusa takin ciki. Ƙasar Ailan ma ta koma ga injinan da ke jan bututu a ƙasa suna ajiye takin a gindin ciyawa. Injin nasu na miliyoyi ne, amma hikimar da ke cikinsa guda ce: kada a bar taki ya daɗe yana fuskantar iska.

Mu garma da fartanya sun ishe mu wannan aiki. Maƙwabtanmu ma sun nuna hanya. A yankin Tawa na Jamhuriyar Nijar manoma na haƙa ƙananan ramuka da suke kira tassa, su zuba taki ɗan kaɗan, su shuka a ciki. A Burkina Faso, marigayi Yakuba Sawadogo, wanda ya rasu a 2023, da irin waɗannan ramuka ya farfaɗo da ƙasar da ta mutu har duniya ta san da shi.

Saboda haka shawarata ga matasanmu ita ce: a shimfiɗa buntun shinkafa ko ƙaiƙayi a turke domin ya tsotse fitsari. A tara taki a rami ko a inuwa, a danne shi, a rufe da kara ko ƙasa. A ware toka daban, a kai ta gona ita kaɗai. Idan an kai taki gona da wuri, a bar shi tsibi babba a rufe, sai dab da huɗa a baza, garma ta bi ta kansa a ranar ko washegari. Yuriya kuma a tona rami kusa da shuka lokacin da ƙasa ke da laima, a zuba, a rufe.

Na san wani zai ce wannan ƙarin aiki ne, kuma lebura kuɗi ne. Gaskiya ne. Amma wa zai yi aikin in ba mu ba? Da yawa daga cikinmu mun yi karatu sai muka fara ƙyamar taki, muna ganin ƙazanta ne, muka bar tsofaffi da shi. Alhali a mazhabarmu ta Malikiyya, kashi da fitsarin dabbar da ake cin namanta, kamar saniya, tunkiya da akuya, masu tsarki ne matuƙar ba ta cin najasa. Ba ni da hujjar ƙyama, kai ma ba ka da ita. Abin da shari'a ta ƙi shi ne almubazzaranci, da cutar da maƙwabci da wari ko ƙudaje. Jahili da bai san abin da ke tashi daga jujinsa ba yana da uzuri. Wanda ya sani ya yi shiru, uzurinsa ya ragu.

Kafin bazara mai zuwa, ka je wurin mahaifinka ko baffanka cikin ladabi, ka roƙi kunya goma a gefen gona. Ka rufe takinka a cikinsu, sauran gonar a yi yadda aka saba. In kaka ta yi a auna damman, domin dattijo ba ya jayayya da abin da idonsa ya gani.

Allah Ya sa albarka a gonakinmu, Ya ba mu damina mai amfani, Ya tsare mu daga ɓarnatar da ni'imominSa.