Kafin a Miƙa wa Ƙanne Waya, a Nemo Musu Wasan Haɗa Hoto

A ƙauyukan Ɗambatta, Makoɗa da Kunchi, da zarar yayan gida ya dawo daga gona ko shagon caji, ƙanne sun yanyame shi: "Yaya, a sa mana gem." Shi kuma don ya huta sai ya buɗe musu manhajar haɗa hoto da ya sauke daga Play Store. Niyyar mai kyau ce, amma yaron da bai kai shekara biyar ba ya fi amfana da wasan da zai riƙe a hannu.

A kan gilashin waya yatsa ɗaya ne ke aiki, kuma da guntun hoto ya kusanci gurbinsa manhajar ke fizge shi ya zauna. A na katako ko kwali, dole yaro ya ɗauka, ya juya, ya gwada, ya kuskure, ya sake. Wannan juye-juyen ne ke horar da yatsun da gobe za su riƙe alƙalami a makarantar allo da ta boko. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a 2019, ta ba da shawarar kada ɗan shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa ɗaya a rana yana kallon waya ko talabijin. Ga tallace-tallacen manhajojin kyauta, ga cajin da sai an biya.

Sai dai ba kowane wasa da ke rataye a Kasuwar Sabon Gari ya cancanci kuɗin mutum ba. Abu na farko shi ne girma: a Amurka da Turai, ƙa'idar kayan wasan 'yan ƙasa da shekara 3 ta hana duk guntun da zai shige cikin bututun gwaji mai faɗin kusan santimita 3.2, don gudun maƙalewa a maƙogwaro. Gidan da ke da mai rarrafe ya riƙe wannan da kyau. Na biyu, yawa: guda huɗu zuwa shida sun ishi ɗan fari; mai guda ɗari kuka kawai zai jawo. Na uku, ƙwari: siririn kwali ba ya jure danshin damina da yawun yara, kuma duk wanda fentinsa ke ɓarewa da farce a bar shi a shago.

Hoton ma yana da muhimmanci. Yaron da ya san akuya, rumbu da amalanken shanu ya fi saurin gane inda ƙafa ko ƙaho zai zauna fiye da in an ba shi hoton dusar ƙanƙara.

A nan ne wayar take da amfani na gaske. A ɗauki hoton akuyar gida, a buga a shagon kwamfuta, a manna da gam a siririn katako, kafinta ya yanka gida shida ya goge gefen da samfefa. Haka wasan ya samo asali: a shekarun 1760, John Spilsbury, mai zanen taswira a Landan, ya manna taswira a katako ya yanka ta ƙasa-ƙasa don koyar da yara. In ƙanin ya girma, sai a yanka masa taswirar Kano da ƙananan hukumominta 44, ya nemo garinsu da hannunsa.