Ra'ayinmu: A Rubuta Gidajenmu Tun Kafin Damina

Jama'a, ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, dubban iyalai suka rasa matsuguni. Mu Hausawa mazauna Bolewa akwai darasi a nan. Ranar rabon agaji takarda ake bi, kuma wanda ake kira baƙo shi ya fi saurin faɗuwa daga cikinta.

Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda asalinsa. Amma doka ba ta san ƙofar gidan kowa ba, sai mun nuna mata.

Akwai manhaja mai suna KoboToolbox, kyauta ce, kuma an buɗe tsarinta ga kowa. Tana aiki a wayar hannu ko babu intanet. Da ita matasanmu za su rubuta kowane gida, da yawan mutanensa da tsofaffi da masu ciki, bisa yardar maigida. Ɗaliban ajin yaƙi da jahilci su riƙe kwafi a littafi. Mu kai wa mai unguwa da hukumar agajin gaggawa ta Jihar Yobe.

Kafin agajin hukuma ya iso, maƙwabci ne ke fara zuwa. Kowane gida ya ware mudun gero, ko tabarma, ko zani. Kuma kada mu tsallake maƙwabtanmu Bolawa da Ngizim da Kare-kare, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya kiyaye mu, amin.